Kafin Mai Jari-Bola Ya Ɗora Shi A Sikeli

Na san da yawa daga cikinku sun buɗe shafin nan suna jiran zancen lalle ko na kwalliyar amare, to sai ku yi haƙuri da ni, yau maganar tsohon keke na zo da ita. Eh, keke na hawa, mai ƙafa biyu da ƙararrawa. Wadda dariya ta kama ta yi abarta, amma ta daure ta biyo ni zuwa ƙarshe.

Ki tashi ki leƙa soron gidanku, ko ɗakin shirgi, ko bayan rumbu idan a ƙauye kike. A gidaje da yawa za ki tarar da wani baƙin keke a jingine, taya ta tsattsage, sarƙa ta daskare, kaji sun mayar da kariyarsa wurin kwana. Mai shi ya tsufa ya daina hawa, ko kuwa ya riga mu gidan gaskiya. Babu mai kallonsa sai mutum ɗaya, wato mai jari-bola da ke zagaya unguwa da baronsa da ɗan sikelinsa. Shi kam yana sane da shi sarai, rana kawai yake jira. Ranar da aka wayi gari babu na cefane, ko wani ƙane ya matsu da kuɗin kati, sai a fito da keken a rataya a sikeli. Irin waɗannan kekuna nauyinsu bai wuce kilo 20 da 'yan kai ba, kin ga abin da za a bayar kwana biyu ya isa a cinye shi. Daga nan sai a sassare shi, a loda a mota tare da fasassun tukwane da ruɓaɓɓen kwano, a kai kamfanin narka ƙarfe, ya dawo rodin gini. Abin da ke damuna shi ne wanda aka narka ya tafi ke nan, domin masana'antar da ta ƙera shi ma ta daɗe da rufewa.

Mafi shahara a kekunan kakanninmu shi ne Raleigh, wanda bakinmu ya mayar Rali. Asalinsa sunan wani titi ne a birnin Nottingham na ƙasar Ingila, inda wasu maƙera suka buɗe ɗan shagon kekuna a 1885. Wani mai kuɗi da ake kira Frank Bowden, wanda likita ya ba shawarar ya riƙa hawan keke saboda lafiyarsa, ya sayi keken shagon a 1887, abin ya kwanta masa a rai har ya zuba dukiyarsa a ciki ya mayar da shi babban kamfani. Idan kika goge goshin keken gidanku kika ga wani ɗan tambari mai kan tsuntsu da dogon baki, to zalɓe ne, shi ne alamar kamfanin. A hankali Raleigh ya riƙa haɗiye abokan gasarsa, ya sayi Humber a 1932, Rudge a 1943, sashen kekuna na BSA a 1957, sannan a 1960 ya haɗe da rukunin da ke da Phillips da Hercules. Shi ya sa za ki ga sunaye daban-daban amma ƙirar kamar uwa ɗaya uba ɗaya.

A ƙasar nan keken ya samu karɓuwar da har sai da kamfanin ya kafa masana'anta a nan Kano, can Bompai. Tsofaffi har yau suna tuna hoton tallarsa, wani mutum a kan Rali yana murmushi, zaki ya biyo shi a guje ya kasa cim masa. Daga baya kekunan Sin da Indiya suka shigo da arha, Phoenix daga Shanghai, Flying Pigeon mai alamar tattabara wanda aka fara ƙerawa a Tianjin a 1950, da Hero na garin Ludhiana wanda aka kafa a 1956. Dukkansu ƙirar Ingila suka kwaikwaya, kuma wannan zai yi mana rana in mun zo maganar kayan gyara. Ita kuwa Nottingham, a 2002 aka daina ƙera keke a cikinta, sunan Raleigh ma wani kamfanin ƙasar Holan ya saye shi a 2012. Za ki iya ganin sabon keke da sunan a jiki, amma ba shi ne wancan ba.

Mu masu rubuta littattafan soyayya mun saba ɗora saurayi a Marsandi, ya yi fakin a ƙofar gida ya aika yaro ya ce ana sallama da wance. To ki samu kakarki tana cikin nishaɗi ki tambaye ta da me aka zo zance wajenta. Wallahi za ki sha labari. A zamaninsu saurayin da ya zo a kan sabon Rali, ya ɗaure bakin wandonsa, ya kaɗa ƙararrawa sau biyu a bakin zaure, ya gama da sauran samarin unguwa. Malamin makaranta, ma'aikacin En'e, mai awon gyaɗa, tela, kowa burinsa ya tara fam ɗinsa ya saya. Wanda bai da shi sai ya je wajen mai haya ya karɓa na awa ɗaya don kada a raina shi. Har lasin ake yankar wa keke. Wasu don tsabar tattali ba sa cire takardar da aka naɗe ƙarfen da ita daga kanti, wasu kuma su bi shi da ƙyalle ko roba mai launi su nannaɗe tsaf. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da mu muke sayarwa a kilo, a wasu ƙasashe mutane ne da hankalinsu suke kashe lokacin hutunsu wajen farfaɗo da shi, likitoci da malamai da matan aure, ba don neman abinci ba sai don sha'awa. A ƙasar Italiya akwai wani gari, Gaiole, inda tun 1997 ake taruwa duk shekara a yi zagayen kekuna da ake kira L'Eroica, kuma ƙa'idarsa keken da za ka hau ya zama ƙirar 1987 ko kafin nan. A Landan tun 2009 suke wani zagaye mai suna Tweed Run, kowa ya sa tufafin kakanninsa ya hau tsohon keke. Wanda ya fi burge ni shi ne na Indunusiya. Can suna kiran irin baƙin keken nan namu onthel, akwai ƙungiyoyin masoyansa gari-gari, maza da mata, suna fita ayari ranar hutu kowa yana taƙama da shekarun nasa. Su ma fa ƙasar zafi ce da damina, tsatsar da ke cin namu ita ke cin nasu. Bambancin kawai su sun san da tsohuwar zuma ake magani.

Ni ta dalilin kakata na shiga wannan harka. Kakana na wajen uwa malamin firamare ne, ya rasu ya bar kekensa a soro, ya shekara 11 babu wanda ya taɓa shi. Wata Asabar na je gaishe ta, muna ɗaki sai muka ji ƙarar jan ƙarfe a ƙasa. Ashe ƙaramin kawuna ne ya kira mai jari-bola, har sun yi ciniki. Tsohuwar nan da ke kukan gwiwa kullum, ban san lokacin da ta kai soro ba. Ba ta yi faɗa ba, dafa sirdin kawai ta yi ta ce, "A kan wannan ya yi shekara guda yana zuwa ƙauyenmu zance, rani da damina. A kariyar nan na zauna da uwar yarinyar nan a goye muka kai ta asibiti da tsakar dare lokacin ƙyanda. Shi za ka ba wa mai sikeli?" Kawu ya sunkuyar da kai ya mayar wa mutumin kuɗinsa. Sai ta juyo gare ni, da yake wasan jika da kaka ne tsakaninmu, ta ce, "Ke kishiya, ga abin da mijin naki ya bari. In kina da zuciya ki tashe shi."

Kafin na ci gaba, ga wata magana da ba a wasa da ita. Idan mai keke ya rasu, keken nan dukiyar magada ce ko da tsatsa ta cinye rabinsa. Kada ki ɗauka ki hau gyara don kin ga an yasar. Ni sai da aka sanar da kawunnaina da innonina kaf, kowa ya ce ya bar wa Hajiya, ita kuma ta ba ni a gaban shaidu. Kin san halin mutane, abin da aka wulaƙanta yana tsatsa, ranar da ya yi ƙyalli kowa zai tuna yana da rabo a ciki.

A bakin layinmu akwai wani dattijo mai gyaran keke a gindin dalbejiya, tun ina ƙarama nake ganinsa da kwanon ruwansa na neman huji da gwangwanin sholisho. Na sa ƙanena ya tura keken muka je. Ya daɗe yana zagaya shi bai ce uffan ba, ya ɗan ƙwanƙwasa ƙarfen da sifana yana saurare, sannan ya ce, "'Yata, in ni zan gyara miki kwana biyu ne. In ke za ki yi da hannunki ina gaya miki yadda ake yi, wata biyu ne. Wanne kike so?" Na ce, "Baba, na wata biyun." Ya yi dariya ya ce to na je na nemo tsummoki. A tsakar gida na yi aikina, duk inda ya cije sai na aika ƙanena da guntun ƙarfen, ko mu je tare ranar Asabar.

Abu na farko da ya koya mini shi ne duba ko keken ya cancanci wahalar. Ana duba gangar jikin ne, musamman wuraren da ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Tsatsar sama ba komai ba ce, amma idan akwai tsaga, ko kika danna da sukudireba ƙarfen ya burma, to wannan ba na hawa ba ne kuma. Ki shafa ƙarƙashin sandunan nan biyu daf da wuya, idan kika ji ƙarfen ya tattare kamar fatar goshi, keken ya taɓa yin karo da gaba. Namu lafiya lau yake. Ƙarfen da aka yi su da shi mai kauri ne, shi ya sa suke da nauyi, shi ya sa kuma suka kai yau.

Sai neman shekarunsa, kuma nan ne abin ya fara yi mini daɗi kamar ina warware ƙullin labari. Keken kakana mai giya uku ne. Cibiyar ƙafar baya wata 'yar ganga ce mai ƙiba, da na goge baƙin man da ya lulluɓe ta sai ga rubutu, Sturmey-Archer, da haruffa AW, a ƙasa kuma 68 da 3. Wannan kamfani tun 1902 yake yin giyar da ke ɓoye cikin cibiya, samfurin AW kuma ya fito a 1936, kuma al'adarsu ce su buga shekara da wata a jiki. Ke nan an yi tamu a watan Maris na 1968. Da na gaya wa Hajiya sai ta ƙirga da yatsu ta ce daidai ne, da fam ya saya, naira ba ta zo ba sai 1973. Idan na gidanku ba mai giya ba ne, kamar yadda mafi yawa suke, ki nemi lambar da aka buga a gangar jiki, galibi a ƙarƙashin sirdi. Daga wajen 1974 lambar da ta fara da harafin N tana nufin Nottingham.

Kayan aikin ba su da yawa. Sifana mai buɗewa da tsukewa, filaya, sukudireba, guduma, tsohon buroshin haƙori, kananzir, giris da 'yan gwangwanaye. Na ce sifana mai tsukewa ne domin notunan tsohon keken Ingila da awon inci irin nasu aka yi su, sifanun yanzu ba sa zama daidai, in kika matsa sai su cinye kan notin. Kafin ki kwance komai ki ɗauki hotonsa da waya ta kowane gefe, kowane sashe kuma da gwangwaninsa, na birki daban na wuya daban. Notin da ya ƙi motsi a ɗiga masa kananzir a bar shi ya kwana, gobe a sake. Sannu ba ta hana zuwa. Kuma ki sani fedar hagu a baibai ake kwance ta, wajen da kika saba ɗaurewa nan ne kwancewarta. An yi haka ne don kada ta warware da kanta ana cikin tafiya.

Ga gargaɗin da Baba ya maimaita mini har sau uku. Kada ki yar da ko noti ɗaya na asali, komai munin da ya yi. Dalili kuwa Raleigh na Nottingham yana da nasa zaren noti na kansa. A wuya da kuma gidan da fedoji ke juyawa, nasu zare 26 ne a kowane inci, na sauran kamfanoni 24. A ido iri ɗaya ne, in kika sa sabo zai shiga zagaye biyu ko uku sannan ya cije, mai gaggawa ya sa ƙarfi, shi ke nan ya lalata gangar jikin da ta shekara hamsin lafiya. Abubuwan da ake canzawa ba tare da fargaba ba su ne taya, tub, robar birki, sarƙa, kota da boris, kuma a nan ne kayan Sin da Indiya suke ceto, ga su nan a kasuwa. In kuwa wani ƙarfe na asali ne ya ɓata, sai a bi masu tsofaffin ƙarafa irin na Ƙofar Ruwa, ko a roƙi tsofaffin masu gyara su zazzage akwatunansu. Kullum ki aika da tsohon a gwada da shi.

Boris ɗin nan kuwa, wato 'yan ƙwallayen ƙarfe da ke sa komai ya juya, sai kin shimfiɗa tsohon zane kafin ki buɗe gidansu, in ba haka ba za su watse tsakar gida kaji su bi su da tsattsaga. A gidan fedoji guda 11 ne kowane gefe. Ki ƙirga, ki wanke gidan da kananzir, ki cika da sabon giris, ki jera sababbi. Kananzir na ce, ban ce fetur ba. Tsakar gidanmu da murhu da yara, fetur ba abin wasa ba ne.

Yanzu sai tsatsa, wadda ita ce rabin aikin. Ƙananan ƙarafa kamar notuna da sandunan birki, ki jiƙa su a ruwan kal su kwana, da safe ki goge da buroshi za ki ga tsatsar tana zuba kamar garin lalle. Daga nan ki ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, ki shanya a rana, ki shafa mai nan take, domin ƙarfen da aka wanke tsirara yake, kafin la'asar sai ya sake yin ja. Wuraren da ke da farin ƙyalli kamar kan keke da ƙararrawa, kada ki kusance su da sandfefa. Ki samu takardar alminiyon nan da ake naɗe abinci da ita, ki dunƙule ki tsoma a ruwa ki yi ta gogawa a hankali. Ta fi ƙyallin taushi, saboda haka tana ɗauke tsatsa ba ta karce shi. Ranar da na ga fuskata a jikin ƙararrawar kakana, sai da na yi guɗa ni kaɗai.

Inda nake da ra'ayi mai tsauri shi ne fenti. Mu dai da an ce gyara sai mu ce a kai wa mai fenti ya fesa, a manna balli-balli, ya fito kamar akwatin lefe. Haba! Baƙin fentin nan na asali gasa shi aka yi a masana'anta, ga siririn zanen ruwan zinare da aka ja a jikinsa, ga rubutun kamfani. In aka fesa sabo a kai an binne wannan duka, kuma fentin gwangwani damina ɗaya zai fara ɓarewa. Masu wannan sha'awa a ko'ina sun fi daraja keke da fentinsa na asali ko ya koɗe, a kan wanda aka sabunta. Ki wanke da sabulu da ruwa, ki bar shi ya bushe, ki shafa man goge mota ki murza da tsumma mai laushi. Kin tuna masu nannaɗe ƙarfe da ƙyalle? Kakana yana cikinsu. Da na warware robar da ya naɗa a sandar sama, sai ga fenti baƙi wuluk da zanen zinarensa kamar jiya aka fito da shi daga kanti. A gefe kuma akwai wurin da ya goge har ƙarfe ya bayyana, daidai inda gwiwarsa ke shafa shekara da shekaru. Ƙanena ya ce mu ɗan taɓa wurin da fenti. Na ce ko kusa, mai kawai na shafa don kada ya yi tsatsa.

Wajen sayen taya ma akwai tarko. Manyan kekunan nan suna cin taya mai lamba 28 x 1½. To akwai wata tayar ta kekunan zamani da ita ma ake ce wa 28, amma ba ta shiga. Ki sa a duba ƙananan lambobin da ke gefen tayar, tamu 635 ce, waccan 622. Tazarar kaɗan ce amma ko za ki kwana kina fama ba za ta hau ba.

Sirdin fata, idan Brooks ne, to kin yi dace, domin wannan kamfani na Birmingham tun 1866 yake aikin fata, kuma tsohon sirdinsa abin nema ne. Fatar da ta bushe kada a jiƙa ta da mai, za ta saki ta zama kamar tsumma. Ɗan man kaɗanya kaɗan a yatsa, a shafa ta ƙasa, a bari kwana biyu, a sake. Notin da ke ƙarƙashin hancin sirdin na ɗame fata ne, in aka ɗaure shi da yawa tsohuwar fata sai ta yage. Namu ya riga ya tsage gida biyu, don haka na kai wa wani baduku ƙarfen da tsohuwar fatar ya auna, ya yanko ƙirgi mai kauri ya ɗora. A garin da ya yi suna da jima tun kaka da kakanni, wannan ba abin wahala ba ne. Ita kuma giyar cikin cibiya, akwai ɗan murfi a jikinta, nan ake ɗiga mai mara kauri irin na keken ɗinki ko man inji. Kada a kuskura a sa man gyaɗa, yana daskarewa ya zama danƙo ya riƙe komai.

Aiki ɗaya ne Baba ya ce ba nawa ba ne tukuna, wato daidaita ƙafa. Birkin waɗannan kekuna na sanda ne, ba na waya ba, yana jan roba sama ta kama cikin gare-garen. In ƙafar ba ta zagaye daidai ba, birki zai riƙa kamawa yana saki. Ɗaure wayoyin ƙafa ɗaya bayan ɗaya har ta miƙe aikin gwani ne, na zauna dai na kalla. Ko an daidaita, ku gaya wa mai hawa cewa irin wannan birki ba ya ci sosai idan ƙarfen ya jiƙe da ruwan sama. In kuma za a goya yaro a kariya, a lura da ƙafarsa, yara da yawa sun ji ciwo a dunduniya saboda wayoyin ƙafar baya.

Na san abin da wata ke faɗa a ranta, wai mace da sifana? Wata ƙawata da ta tarar da ni hannu baƙi ƙirin cewa ta yi, "Tabɗi! Wa zai aure ki a haka?" To ni dai ban ga bambancinsa da keken ɗinki ba. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa buɗe cikin Butterfly ko Singer ta share, ta ɗiga mai, ta gyara bel ba? Hannun da ya iya zare da allura da kitso ƙanana ya fi ƙarfin jera boris 11. Baƙin mai kuwa, man gyaɗa da sabulu suna fitar da shi tas, a nan ne man gyaɗar ke da amfani. Ban ce ki hau ki zaga gari ba, kowace ƙasa da al'adarta, ko da yake wadda ta taɓa zuwa Wagadugu ta ga mata da goyo da kayan kasuwa a kan keke babu mai waiwayensu. Gyaran a cikin gida ake yinsa, kuma mai hawa ba zai yi wuya ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma, gidan da ke da yara uku 'yan makaranta ya fi kowa sani. Namu yanzu ƙanena ne ke zuwa makaranta a kansa, da sharaɗin a ɗaki yake kwana, kuma duk Juma'a ya kai shi Hajiya ta gani. Mutum biyu sun tare shi a hanya suna tayi, ɗaya har gida ya biyo shi. Kuɗin da ya faɗa ya ninka na mai jari-bola sau da yawa, Hajiya ta ce a gaya masa ya sha ruwa ya kama hanya.

Wata biyun da Baba ya yanka mini sai da suka zama uku, kuma har yanzu da saura. A jikin sandar da ke gangarowa akwai wasu 'yan ƙugiyoyi biyu, nan famfon keken yake zama, dogo siriri baƙi. Hajiya ta ce tun kakana na da rai wani maƙwabci ya ara bai dawo da shi ba. Na sa an duba kasuwa, sababbin duk gajeru ne, ba sa cika tsakanin ƙugiyoyin. Don haka 'yan uwa, wadda ta leƙa ɗakin shirginsu ta ga irin wannan famfo, ko ya daina busawa ina so, fatar cikinsa kawai za a canza. Ta rubuto mini ta adireshin wannan mujalla, ta auna tsawonsa da tef ɗin ɗinki ta faɗa mini inci nawa ne.